BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER: MURNA CIKIN UBANGIJI KO DA BURI BAI CIKA BA



A cikin littafin biki irin wannan akan jera alheran da Allah ya yi wa ikilisiya, kuma daidai ne, gama godiya wajibi ce a kanmu. Amma kowane dattijo a cikinmu ya san cewa shekara 50 ba ta tafiya a miƙe kamar hanyar kwalta. Akwai shirin da aka ƙulla ya warware, akwai alkawarin da aka ɗauka ba a cika ba, akwai kuma addu'ar da har yau ana jiran amsarta. Haka yake a ikilisiya, haka yake a gidajenmu. Domin wannan muka ga ya dace mu kawo tarihin wani bawan Allah wanda ya sha irin wannan ɓacin rai tun yana yaro har ya tsufa, duk da haka bai saki aikin Ubangiji ba, bai kuma bar zuciyarsa ta yi ɗaci ba. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a ikilisiyar Angilikan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo bishara bakin ƙasar Arewa.

ASALINSA DA BAUTARSA

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Oshogun cikin ƙasar Yarbawa. A lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya game ƙasa, farautar bayi kuma ta zama sana'a. Wata safiya a farkon 1821 mahara suka kewaye garin suka cinna masa wuta. Aka kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka ɗaura musu igiya a wuya. Tun daga ranar bai ƙara ganin mahaifinsa ba, ba a daɗe ba kuma aka raba shi da uwarsa. An taɓa yin musanyarsa da doki, da dokin bai gamsar ba aka warware cinikin. Daga baya aka ba da shi a bakin taba da barasa. Haka ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har Ikko, inda Turawan Fotugal suka saye shi, suka zuba shi a jirgin ruwa tare da bayi fiye da 180.

A watan Afrilu 1822, jirgin bai yi nisa ba, sojojin ruwa na Ingila masu hana cinikin bayi suka tare shi a ƙarƙashin Kyaftin Henry Leeke. Aka sauke yaron a Saliyo, ƙasar da bai san kowa ba, bai kuma ji harshenta ba. A can ya faɗa hannun ma'aikatan mishan na C.M.S. Ya koyi sassaƙa, ya koyi karatu, cikin wata shida kuwa yana iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Sa'ad da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a jerin ɗalibai. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka 'yanto ta, aka yi mata baftisma da suna Susan. Sun zauna tare wajen shekara 50.

A 1837 ya rubuta labarin kamunsa. A ciki bai ɓoye zafin ranar da aka ƙone garinsu ba, ya kira ta ranar baƙin ciki. Amma ya ƙara da cewa ya koyi ganinta ranar albarka kuma, domin ta wurinta ne Allah ya bi da shi har ya san Mai Ceto. Wannan ita ce idon da Yusufu ya dubi 'yan'uwansa da ita a ƙarshen Littafin Farawa, kuma da ita Crowther ya riƙa duban duk abin da ya same shi daga baya.

TAFIYAR DA TA WATSE

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku su hau kogin Kwara domin ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakuna, su kafa gonar gwaji a Lakwaja, su kuma duba hanyar bishara. C.M.S. ta sa mutum biyu a ciki, wato Crowther da wani Bajamushe mai suna J. F. Schön. An tashi da babban buri, amma zazzaɓin cizon sauro ya faɗa wa Turawan. Cikin su 145 fiye da 40 suka mutu. Jirgi ɗaya ne kawai ya kai Egga a ƙasar Nufe, shi ma da ƙyar ya koma teku. A Ingila aka yi ta yi wa tafiyar ba'a.

Duk da haka abu biyu suka fito daga cikinta. Na farko, shugabannin mishan suka gane cewa in bishara za ta shiga cikin ƙasar nan, 'ya'yan Afirka ne za su kai ta. Suka kira Crowther Landan, aka naɗa shi fasto a 1843. Na biyu kuwa ya shafe mu kai tsaye. A dalilin wannan tafiya ce Schön ya duƙufa kan Hausa, har ya rubuta nahawunta da ƙamusunta, ya kuma fassara sassan Littafi Mai Tsarki. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, amma saiwarsa tana cikin tafiyar nan da mutane suka ce ta lalace.

JIRA A BADAGIRI

A farkon 1845 Crowther da abokan aikinsa suka sauka Badagiri da niyyar wucewa Abekuta. Kafin su kama hanya sai labari ya zo cewa Sodeke, shugaban Egba wanda ya gayyace su, ya rasu, yaƙi kuma ya toshe hanya. Tafiyar 'yan kwanaki ta koma zaman wata 18. Wanda ya taɓa ɗaure kayansa ya zauna jiran mota ba ta zo ba ya san yadda irin wannan jira yake cin rai. Crowther bai zauna yana ƙirga kwanaki ba. Ya riƙa wa'azi a gindin itace, yana koyar da yara, yana ci gaba da juya Maganar Allah zuwa Yarbanci.

Sun shiga Abekuta a watan Agusta 1846. Ba a yi wata guda ba aka kawo masa wata tsohuwa, sai ga shi mahaifiyarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara 25. Ya kuma sami ƙannensa mata. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma da suna Hannatu, tana cikin masu bi na fari a Abekuta, ta kuwa rayu har ta ga ɗanta ya zama bishop.

JIRGI YA FASHE A JABBA

A 1854 Crowther ya sake hawan kogi tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai. Wannan karo an riƙa shan kwinin, ba wanda ya mutu. Ganin haka aka shirya buɗe aikin mishan na Kwara. A 1857 suka tashi a jirgi mai suna Dayspring. Crowther ya ajiye Fasto J. C. Taylor a Anaca, ya ajiye ma'aikata a Gbebe kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, ya ci gaba zuwa Rabba. Burinsa shi ne daga can a kama hanyar ƙasa zuwa Sakkwato.

A watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya fashe. Ba a rasa rai ba, amma kaya da yawa sun tafi cikin ruwa. Suka kafa bukkoki a bakin kogi, suka zauna wajen shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Mutumin da ya fito da niyyar ganin Sarkin Musulmi ya sami kansa a bukkar ciyawa yana fama da sauro.

Abin da ya yi da wannan shekara shi ne abin lura. Ya zauna da masunta da masu fito yana rubuta kalmomin Nufanci ɗaya ɗaya. Ya lura da ayarin fatake da suke ƙetare kogi a Rabba tsakanin ƙasar Hausa da Ilori, ya gane muhimmancin wurin, ya nemi fili a can. Ya koyi yadda ake zama da sarakuna da malaman Musulmi cikin girmama juna. Daga wannan zama ne littafin koyon karatun Nufanci ya fito a 1860, nahawu da jerin kalmomi kuma suka biyo a 1864. Ƙofar Rabba ba ta daɗe a buɗe ba aka rufe ta, Crowther kuwa har ya mutu bai taka Sakkwato ko Kano ba. Amma a Gbebe, a 1862, ya yi wa masu bi na fari baftisma, su ne nunan fari na bishara a yankin da daga baya aka kira Nijeriya ta Arewa.

GOBARA A IKKO

A ƙarshen wannan shekara ta 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Tufafi da kayan ɗaki ana iya sayen wasu, amma wutar ta haɗa da takardunsa. Shekara 11 ya yi yana yawo da takarda da fensir, duk inda ya zauna da tsofaffi yana rubuta kalmomi da karin magana domin fassararsa ta zama harshen da mutane suke ji a ransu. Duka suka zama toka cikin dare ɗaya, tare da fassarar da bai kai ga bugawa ba. A wasiƙar da ya aika Landan ya nuna cewa wannan hasara ta fi masa zafi a kan ta dukiya. Bai yi kamar abin bai dame shi ba. Bayan haka ya sake ɗaukar fensir ya soma daga fari. A shekarun 1880 aka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, shi ne kuwa ginshiƙin aikin, har yau kuma ana karanta shi a majami'u.

RAWANIN BISHOP DA NAUYINSA

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya tsamo shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce, da kuma gwauruwar Bishop Weeks, wadda ta koya masa karatu yana yaro. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa.

Amma ko wannan daraja ta zo da ƙaya a jikinta. Wasu Turawan mishan, musamman Henry Townsend wanda suka shiga Abekuta tare, suka ƙi yarda baƙar fata ya shugabance su. Saboda haka aka tsara iyakar aikinsa yadda Ikko da Abekuta da Ibadan, ƙasarsa ta haihuwa inda yake jin harshe, ba su shiga hannunsa ba. Aka bar masa bakin kogi, inda shi ma baƙo ne. Kuɗin aiki kaɗan ne. Ba shi da jirgin kansa sai 1878, saboda haka yakan jira jiragen 'yan kasuwa, su ma sai ruwa ya cika suke hawa. A 1866 yaƙin basasa ya rushe tashar Gbebe, masu bi suka ƙaura Lakwaja. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, wanda a dā abokinsa ne, ya kama shi da ɗansa Dandeson a yankin Idda, ya nemi fansar fam 1,000. Wajen kuɓutar da su aka harbi mataimakin jakadan Ingila, William Fell, da kibiya mai dafi, ya mutu. A 1871 jirgi ya kafe a yashi, dole Bishop, yana da shekara fiye da 60, ya biyo ta ƙasa daga Bida zuwa Ilori har Ikko. Ko wannan bai tafi a banza ba, gama a fadar Sarkin Ilori an yi masa tambayoyi a kan bangaskiyarsa, ya amsa ta wurin karanta Littafi Mai Tsarki, ba tare da gardama ko zagi ba.

Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Cikin waɗannan shekaru ikilisiyoyi suka kafu a Anaca da Bonny da Brass da Lakwaja. Sarakunan Nufe, tun daga Etsu Masaba, suna karɓarsa da mutunci. A shekarun 1880 Etsu Maliki ya aiko masa da wasiƙa cikin Hausa, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniyar Ingila a hana kawo barasa ƙasarsa. Sarki Musulmi ya ga cewa wannan bishop mutum ne da za a ba amana.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Hausawa sun ce naka shi ke ba da kai. Gwaji mafi zafi bai zo masa daga masu bautar gumaka ko 'yan cinikin bayi ba, daga cikin gida ya fito. Matarsa ta rasu a 1880, mahaifiyarsa ta bi ta a 1883. A daidai wannan lokaci rahotanni suka fara zuwa Landan a kan halin wasu ma'aikatansa. Gaskiya ita ce wasu cikinsu sun yi laifi, har da mai muni, tashoshin kuma suna nesa da juna, Bishop kuwa mutum ne mai sanyin hali wanda ya fi son jawo mai laifi a kan korarsa. Amma samarin Turawan mishan da aka aiko ba su tsaya tantance mai laifi da marar laifi ba. A taron da aka yi a Anaca a watan Agusta 1890, a gaban idonsa, aka dakatar da ma'aikatan da shi ya naɗa, har da ɗansa Dandeson. Samarin da ba a haife su ba sa'ad da yake kwana a bukkar Jabba suka yi wa tsoho mai shekara fiye da 80 magana marar daɗi. Kafin a gama, mafi yawan ma'aikatansa an sallame su ko an dakatar da su.

Bishop bai rama zagi ba, bai kuma fice daga ikilisiya ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin kuɗi, ya bayyana matsayinsa a rubuce cikin natsuwa, ya ci gaba da shirin yadda ikilisiyoyin bakin teku za su tsaya da ƙafafunsu. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ran 31 ga Disamba 1891 ya huta a Ikko. Bature aka naɗa a gurbinsa, sai da aka yi wajen shekara 60 kafin baƙar fata ya sake riƙe dayosis na Angilikan a Nijeriya. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe shi, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka keɓe shi ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa.

ABIN KOYI GARE MU

Yawancinmu ba za a sayar da mu bayi ba, jirgi kuma ba zai fashe da mu ba. Namu ɓacin ran na yau da kullum ne. Ruwa ya ɗauke hatsi yana bunni. Yaro ya rubuta jarrabawa sau uku bai samu ba. Albashi ya makara, kuɗin fansho ya maƙale. An yi aure shekaru ba haihuwa. An yi zaɓen dattawa ko na zumuntar mata, wanda ya fi kowa wahala aka manta da shi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke tsotse murnar mai bi a hankali, kamar yadda gara take cin azara, har ya wayi gari yana zuwa sujada amma zuciyarsa ta bushe. Daga rayuwar Bishop Crowther muna iya ɗaukar abu huɗu.

Na ɗaya, murna cikin Ubangiji ba ta hana mutum jin zafi. Crowther ya faɗi baƙin cikinsa a kan takardun da suka ƙone. Kada mu tilasta wa mai makoki ya yi dariya, kada kuma mu ce wanda ya zub da hawaye ba shi da bangaskiya. Zabura cike take da kukan masu adalci.

Na biyu, lokacin jira ma na Allah ne. Wata 18 a Badagiri da shekara guda a Jabba su ne suka haifi aikin da ya fi daɗewa. In ƙofar da muke ƙwanƙwasawa ba ta buɗe ba, mu duba abin da ke hannunmu a inda muka tsaya, ko ajin Lahadi ne, ko ziyarar marar lafiya, ko koya wa yaro karatu. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Na uku, kada laifin ɗan'uwa ya raba mu da Ubangiji. Da yawa sun daina zuwa majami'a saboda maganar da wani ya faɗa musu a taron kwamiti. Abin da aka yi wa Crowther ya fi namu nesa ba kusa ba, amma ya san Wanda ya kira shi, ya kuma bar shari'a a hannunsa. Darasin yana da gefe na biyu: mu lura kada mu zama mu ne masu karya zuciyar dattawan da suka sha rana kafin mu sami inuwa.

Na huɗu, tushen murnarmu Allah ne da kansa. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da ƙudurin yin farin ciki da Allah ko gona ba ta ba da kome ba, garke kuma ya watse. Manzo Bulus yana kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta fi kowace maganar murna. Wanda ya ɗora farin cikinsa a kan amfanin gona ko muƙami, ranar da suka tafi shi ma ya tafi. Crowther ya mutu bai ga ƙasar Hausa da ya yi marmari ba, amma ga mu yau muna yabon Allah da Hausa, a majami'ar da ta cika shekara 50. Wani ya shuka, wani ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya yi girma.

Saboda haka, 'yan'uwa, sa'ad da muke ƙirga albarkun wannan jubili, mu haɗa har da ƙofofin da aka rufe mana, mu gode wa Allah dominsu. Muna roƙon Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta wannan bawa nasa, ya riƙe 'ya'yanmu da jikokinmu cikin bangaskiya, ya kuma sa waɗanda za su yi bikin shekara 100 su same mu da aminci.

Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da mu duka. Amin.